Mai Wankin Sama

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji, Legon.
Ni da kwalabe bakwai na ruwan Odaw,
baƙi ƙirin, kamar an jiƙa gawayi.
Naa Dedei ta ɓingire a kan littafin lissafi,
alƙalami bai faɗi daga hannunta ba.

Na ɗiga magani, na kunna fitila mai zafin haske.
Abin da nake farauta ba ya tsayawa a gaisa:
oksijin ɗaya, haidurojin ɗaya,
da ilektron guda da ya rasa abokin zama.
Gwauro ke nan.
Kafin ido ya yi niyyar ƙiftawa
an haife shi, ya yi fizge, ya mutu.
Ban taɓa ganinsa ba.
Sawunsa nake bi: rini yana koɗewa a kwalba,
layi yana gangara a allon na'ura
kamar akuya ta sauko daga tudu, da gudu, sannan a hankali.

Wanda ya fizge wa, shi ma sai ya zama gwauro,
ya juya kan maƙwabci.
Haka rigimar ke bin gida-gida
har sai gwauro biyu sun yi karo, sun riƙe juna,
sannan unguwa ta kwanta.

Baba Gariba bai san wannan ba.
Wanki ya yi, shekara talatin da ɗaya, a Nima, bakin kwata,
yatsunsa fari fat, duk sun tattare.
Amma shi ya fara koya mini darasin.
Ya ce, Memuna, dauɗa ba ɗaya ba ce.
Wata kumfa ɗaya ta ishe ta.
Wata sai ta kwana a jiƙe.
Man ja kuwa, ki ba shi haƙuri da rana.

To, Baba, sama ma tana da mai wanki.
Rana ce ke tashinsa aiki
idan ta fasa ozon a cikin raɓar teku.
Ba ya cika daƙiƙa guda a duniya,
amma wani na faɗuwa wani na miƙewa.
Numfashin itatuwan Aburi, awa ɗaya ya gama da shi.
Gubar salansar motocin Circle, sai ya yi wata biyu.
Iskar da ke tashi daga juji
kusan shekara goma tana jira a kwando.
Ita ce man janka.

Da magariba yakan ajiye sabulu.
Mu kuwa ba ma ajiyewa:
ana ƙona waya don jan ƙarfe,
ana banda kifi a Chorkor,
janareta na tari a bayan kowane shago,
irin tarin da ka yi damina uku
kana cewa sanyin ruwa ne.

Lissafin bai da wuya.
Gudun aiki: yawan dauɗa, sau yawan hannu,
sau wata lamba da ba ta jin roƙo.
Lambar nake nema tun watan jiya.
Idan kaya sun fi hannu yawa
ka san yadda kwando ke yi, ka kwana a gabansa.

Kwalba ta biyar ta yi haske, har ina hango yatsana ta ciki.
Ta shida ta ƙi.
Na rubuta lokacin, na ja layi a ƙasa.
An kira assalatu daga wajen Madina.
Na taɓa kafaɗar Naa Dedei:
tashi, a sake ta shida,
mu bar ta ta daɗe a jiƙe.