Gwanjon Asuba

Shekara goma sha tara a kasuwar kifi ta Jidda
da maƙogwaro nake ci.
Ana sallame asuba na hau kan akwati:
hamur riyal tamanin, wa ya ƙara?
Har masu jirage a bakin ruwa sun san Talle ya fito.

Sai aka cire min maƙoƙo,
igiyar murya ɗaya ta kwanta, ta ƙi tashi.
Suka ce allura ce kawai,
a cika gefen da ya rame ya taɓo ɗan'uwansa.
Na sa hannu.

Mako uku ina murna.
A na huɗu abin da aka zuba ya dunƙule,
ya zauna min kamar ƙwallon dabino da ya ƙi wucewa.
In na ce tamanin, iska ce ke fita.
In na hau bene, numfashi ya dinga fito.
Jibo ya karɓi akwatina. Ban ga laifinsa ba,
kifi ba ya jiran mai dishewa.

Dakta Widad ta zura kyamara ta hancina,
ta juyo min allon: ga shi nan, ya zarce inda aka nufa.
Na ga cikin wuyana, ja, jiƙe,
kamar bakin najil da na saba buɗa wa mai saye.
Ba ta yi min alkawari ba.
Ta ce, zan kankare abin da zai kankaru,
saura tabo ne, sai ku zauna tare.

Na farka da ɗanɗanon ƙarfe a harshe
da doka: kwana bakwai ba magana,
ba raɗa, ba gyaran murya.
Fatiha ma a zuci.
Sauda ta ba ni littafin lissafinta,
na rubuta ruwa, na rubuta zafi,
ran Laraba na rubuta nawa hamur ya yi yau,
ta yi dariya har da goge ido.

Ran na takwas aka ce gwada.
Na daɗe ina zaɓen kalma, kamar mai riyal ɗaya a aljihu.
Na ce, Sauda.
Muryar ta fito siririya, da tsaga a gefe,
ko ƙofar ɗaki ba ta kai ba.
Yarinyar ta waiwayo.

Yanzu ni ke riƙe littafi a bayan Jibo,
shi kira, ni rubutu.
Wani sa'in yakan yi saurin sallamawa,
sai in taɓa masa ƙafa:
dakata, mai jan rawanin can zai ƙara biyar.