Caja a Ladipo

Kwana tara tarakta na kwance a Epe,
ciyawa ta fara leƙa ƙarƙashinta.
In na murɗa makulli sai ta ce ƙyas, ta yi gum.
Batir ne. Sanyin damina ya shanye shi.

Mai gona ya ƙirga kuɗi, ya sake ƙirgawa:
"Sallau, kar ka dawo da labari, dawo da caja."

Ladipo, laka da baƙin mai har idon sawu,
injuna a jibge kamar kawunan shanu a mahauta.
Kowa ɗan'uwana ne yau, tunda aljihu da nauyi.

Obiora ya jera mini uku a kan benci.
Ta fari ja ce, ƙatuwa, har da tayoyi.
"Minti ashirin, Malam, batir ya miƙe!"
Na san irinta. Ita ta dafa na Tanimu bara,
ya kumbura, yana warin baragurbi.
Wanda aka yi wa ɗura da ludayi biyu
ba ƙoshi ya yi ba, shaƙewa ya yi.

Ta biyu araha, ba ta kai nauyin burodin Agege ba.
Na girgiza, wani abu ya amsa daga ciki.
Na ajiye ta a hankali,
kar ta cika a hannuna a ce in biya.

Ta uku ba kyan gani, ga tabon tsatsa a gefe.
Tana ba sha biyu, tana ba ashirin da huɗu,
haƙoranta na cizo da gaske.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi,
in ka juya su sai ta yi ƙara, ta ƙi.
"Wannan sai ta kwana," ya ce, yana taɓe baki,
"amma in batir ya ƙoshi, da kanta take tsayawa."

Da kanta take tsayawa.
Na tuna Baba yana ban ruwan albasa,
ya san sa'ar toshe bakin kwami.
Mutum nawa na sani a garin nan da suka iya haka?

Muka ja ciniki har ruwa ya tsuge.
Na naɗe ta a leda, na rungume ta a danfo.

Yanzu dare ne a Epe, na haɗa wayoyi.
An ɗauke wuta tun magariba.
Ni da caja da tarakta da sauro,
mu huɗu muna zaman jira,
ba mai gaggawa sai sauron.