Mai Ɗinkin Kundi a Valparaíso

A ƙasan benen jami'a, inda taga ba ta hango teku,
nake da teburi, da allura, da tukunyar gam.
Shekara goma sha tara ina ɗinke ilimin wasu.
Ba a biyana don in karanta,
amma ido ba shi da linzami.

Watan nan kundi uku suka sauko mini.

Na fari na Baltazar ne, ɗan lissafi,
mai sa rigar sanyi a baibai.
Shafi ɗari biyu, magana kaɗan,
saura zane kamar sawun tururuwa a kan gari.
Na ce, ɗana, me ka gano?
Ya ɗiga ɗigo biyu a bayan rasit,
tsakaninsu bai kai silin gashi ba.
Ya ce, Doña Fresia, ɗora su kan doka guda,
ki juya, ki sake juyawa, har sau arba'in:
ɗaya zai kwana gabas, ɗaya yamma,
kuma ba wanda ya karya doka.

Sai na tuna babana a tudun Mirlo,
ranar da ya kafa turke da magariba,
hannunsa ya goce da taƙi ɗaya.
Eleodoro ya kafa nasa a gefe, suna dariya.
Yau jan layin kamfani ya ratsa tsakanin turakun:
gidansa mai takarda,
namu sunansa mamaya.

Na biyu na Ignacia ne, mai tabon ƙuna a yatsa.
Ita garin ƙarfe take kiwo,
abin da bai cika bakin farce ba.
Ta ce, iska biyu sai su daɗe a kwalba ɗaya
ko gaisawa ba sa yi;
da ya shiga tsakani, sai su rungume juna da zafi.
Na ce, shi fa?
Ta ce, yakan fito yadda ya shiga.

Na ce, a'a, wannan ai mun san shi.
Yana da takalmin fata da jaka ruwan ƙasa.
Ya hau matakalarmu sau uku kacal,
ya haɗa majalisa da masu kuɗi,
ya raba wa da ƙani kan farashin ɗaki,
ya sauka, ko ƙura bai ɗauka ba.

Na uku ya fi nauyi.
Amaro ya rubuta shi, kan tudunmu.
Ya sha shayi a kicin ɗina damina biyu,
na'urarsa na haɗiye muryata kusa da kwanon sukari.
A shafi na ɗari da sha huɗu na tarar da kaina:
Mai Amsa ta Bakwai, shekara sittin da ɗaya.
Maganata ce, an wanke ta, an goge.
A taswira rufina ɗan murabba'i ne rawaya,
ba igiyar shanya, ba itacen lemo,
ba wurin da uwata ta cika.

Na soka allura, na tsaya.
Shi ma zai fito yadda ya shiga?
Hula, riga, hoto, sai wata unguwar?

Da Ignacia ta dawo karɓar nata na tambaye ta:
garin nan naki, ba ya taɓa canjawa?
Ta sosa tabonta.
Ta ce, a takarda ne ba ya canjawa.
A tukunya, yau da gobe, wani abu na manne masa.
Babina na shida ke nan, wanda ba a son karantawa.

Ranar Alhamis akwai taro a ɗakin ƙwallo,
an ce katafila na jiran sa hannu ɗaya.
Na ja zare, na ƙulle daga ciki inda ba a gani,
na jera ukun su bushe.
Matakala ɗari da sittin da biyu ke jirana.
Ɗazu da Amaro ya shigo, na duba ƙafarsa:
jan laka na tudunmu har idon sawu,
kuma bai bushe ba.