Sidi Ɗaya Kowace Kalma

Daga ofishin jakadancinsu aka aiko da takardun,
shafi arba'in, farare fat, da sanyin ɗakin da suka fito.
Wai in juya su zuwa Hausa
don mutanen Nima da Mamobi su san haƙƙinsu.
Sidi ɗaya kowace kalma.
Na karɓa. Mai gida na bina hayar wata shida.

An ɗauke wuta tun la'asar.
Na jingina fitilar caji da gwangwanin madara,
gwata na wucewa ƙarƙashin taga da ruwan wankin unguwa,
Memunatu na kankare gindin tukunyar koko.

Shafin farko, sun ɗora mu a sikeli.
Kurkukunmu ya cika, sun ƙirga kawuna.
Ɗan sandanmu ya mari direban tirotiro,
sun rubuta ranar, sun rubuta sa'ar.
Ban musa ba.
Na san direban, Isaka ne,
har yau ta kunnen dama ake kiransa.
Na juya musu shi tsaf, ko wasali ban rage ba.

Sai dai a bayana, kan tabarma,
ƙanena Fuseini na juyi.
Shekara uku yana jan tankin ruwa
ga sojojinsu, a wata hamada
da ba tasu ba, ba tamu ba.
Nakiya ta karɓi ƙafarsa ta hagu.
Suka ce ba su ne suka ɗauke shi aiki ba,
wani kamfani ne, wanda wani kamfani ya ɗauka,
wanda aka nemi ofishinsa aka tarar da shagon sayar da labule.
Ya dawo da sanda, da hula mai tutarsu.

Rediyon maƙwabci na ratsa bango.
An rusa asibiti a wani gari mai nisa.
Da abokin gabarsu ne ya jefa,
da tuni sunansa ta'asa.
Amininsu ne, da makamin da suka sayar masa,
don haka suna nazari,
sun damu ƙwarai,
suna kira ga kowane ɓangare.

Na duba ƙamus, na duba bakin kakata,
ban samu kalmar da ke nufin
gawar da ba a ƙirgawa ba.
A Hausa wanda ya mutu ya mutu.
A wanke shi, a sallace shi,
a tambayi ɗan wane ne.

In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.
Amma wannan kurar da jakar magani take yawo,
tana duba harshen kowa,
idonta na kan garke.
Yau taimako, gobe rance,
jibi a ba ta fili kusa da inda jirage ke sauka,
kada a buɗe akwatinta, kada a tambayi baƙinta.
Abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu
ta san nauyinsa tun kafin mu haƙa.

Kada in cika baki.
Ni ma na taɓa tsayawa layinsu tun asuba,
takalmi a goge, takardu a ƙirji,
ta bayan gilashi yarinya ta ce a'a
kafin in gama gaisuwa.
Kuɗin bai dawo ba.
In sun kira gobe, ban rantse ba zan je ba.

Wajen ƙarfe uku Fuseini ya farka,
yana sosa inda ƙafar take a da.
Ya ce, Yaya, me suka ce?
Na ce, sun ce kowane ɗan Adam daidai yake da ɗan'uwansa.
Ya ce, karanto mini shafina.

Na juya takardun har bango.

Kalma dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da shida.
Na ƙirga sau biyu, kada su cuce ni.
Ladan Babban Masallaci ya yi gyaran murya.
Fuseini ya miƙo hannu,
na ɗaga shi zuwa buta.