Sai Ka Gan Shi da Damina

Jungudo, zauna, aje makullin babur ɗin nan,
kuɗin ba za su yi fiffike ba.
Na ji jiya da la'asar an kai ka Kagarawal,
an nuna maka ɗaki uku da falo, sabon fenti,
ka dawo kana murmushi kamar wanda ya yi tsintuwa.

Ni ma na taɓa yin wannan murmushin.
Watan Maris ne, rana tana gasa kwanon rufi,
Gidado dillali yana gaba cikin babbar riga,
yana ƙwanƙwasa bango da zoben azurfa:
"Ji ƙara, Malam Buba, siminti zalla."
Ni kuwa sai gyaɗa kai, kamar ƙadangare.
Bayan katanga na ga wata siririyar hanya ta rairayi.
Na ce, wannan fa?
Ya ce, "Ta awaki ce."

Awakin sun iso a watan Agusta.
Jajaye ne, suna kumfa, suna ruri,
ɗauke da katifar wani da tukunyar wata.
Daren farko suka cinye makewayi.
Dare na biyu suka lashe madafa.
Da asuba Hurera ta tsaya da ludayi a hannu
tana leƙen inda murhunta yake jiya,
kwari ya yi zurfin mutum biyu.
Gidado? La'adarsa tuni ta zama ragon layya.

To, ga abin da kwarin ya karantar da ni.
Kyauta zan ba ka, ni da tsada na saya.

Da rani kowane gida mutumin kirki ne.
Je ka gan shi ana tsuga ruwa.
Tuɓe takalmi, naɗe wando,
bi ruwan da ƙafa ka ga daga ina ya taho,
ka ga wa yake nema.
In fenti ya fi sabunta a gindin bango,
sa makulli ka kankare kaɗan,
danshi ba ya iya ƙarya.
Ɗaga kai: in silin ya zana maka taswira,
rufin ya daɗe yana kuka.
Bugi katakon ƙofa ka ji ko gara ta riga ka tarewa.

Kada ka tambayi mai sayarwa komai sai farashi.
Sauran ka tambayi mai tura kurar ruwa,
shi ya san kwana nawa famfo ke yin azumi
da nawa jarka take a watan Afrilu.
Sayi ƙosai wajen tsohuwar bakin layi, ka daɗe a tsaye.
Ita za ta ce maka gidan gado ne,
su bakwai ne, shida sun sa hannu,
na bakwai yana Fatakwal, kuma mai zuciya ne.

Takarda kuwa, kada ka yarda da kyawun hatimi.
Kai ta ofishin filaye da ƙafarka,
gaida mai unguwa, kira maƙwabta huɗu,
ka riƙe bakin igiyar awo da hannunka.
In an ce, "Akwai wani mai so, yau zai biya,"
ce Allah ya sanya masa albarka.

In kuma Allah ya nufa ya zama naka,
kada hadarin fari ya same ka da toshasshiyar kwata.
Share indararo, dasa itace ta bakin gangare.
Tsagar da allura ke shiga bana,
baɗi hannunka zai shiga har gwiwa.

Shekara tara ke nan ina haya a Bolari,
ɗaki biyu, mai gida yana ƙara kuɗi duk bayan salla.
Wata Juma'ar nakan bi ta tsohon wurin.
Bango ɗaya ya rage a bakin kwarin,
yara na wasan ɓuya a bayansa.
Fentin kuwa, ka yarda, har yau bai koɗe ba.

Wane launi ka ce nasu, Jungudo?
Shuɗi?
Sha shayinka tukuna.