Tulin Gefe

Daren ƙirga a Mai Wurno.
Ajin 'yan shekara tara suka ba mu,
lissafin jiya na nan a allo, yana kallonmu.
Fitila guda, mu bakwai,
wakilan jam'iyyu huɗu na hararar juna,
ni ma da ke ɗaga takarda
ba su yarda da ni ba.

Aka kife akwati a tebur.
In buɗe, in ɗaga, in faɗa:
Tsani. Makulli. Zakara. Makulli. Buta.
Sauro na cin rabonsa a ƙafafunmu,
gahawa ta huce ba a sha ba.

Sai ga wata, an ja mata layi
daga sama har ƙasa, ya tsire su duka huɗun
kamar tsinken mai nama.
Ustazu Nuraini ya ce, "Lalatacciya. Gefe."
Na duba ta gaba da baya,
ban ga inda ta lalace ba.

Wata kuma an zana famfo a gindinta,
har da ɗigo uku.
Ƙuri'a sirri ce, na sani,
amma na ga Inna Kaltume a raina
tana cinikin ruwa da mai jaki,
ga Nilu na wucewa ta bayan dangarta
bai ko yi mata sallama ba.

Gefe.
Wata fara fat. Gefe.
Wata an naɗe ƙwayar riɗi a cikinta.
Wakilin Zakara ya yi dariya, ya ce jahilci ne,
mutanenmu ba su iya zaɓe ba.

Can tsakar dare na buɗe wata,
hannuna ya tsaya.
Ajami ne: "Na gode, na ƙoshi."
Na san wawun nan mai doguwar jela,
shi ke kan buhunan dawarmu,
shi ke bayan hoton aurena.
Baba.
Mutumin da tun ina goye
bai taɓa fashin layin zaɓe ba.

Shi ya tafa wa masu Tsani ranar alkawarin gada,
har yau kwale-kwalen Jibir muke jira.
Shi ya yanka wa masu Buta rago
ranar da suka dasa tubalin asibiti.
Tubalin na nan, awaki na kwana a kai.
Ƙanwata Batulu a motar Sinnar ta cika,
ba ta kai ba.

Da ya zauna a gida, da sun ce tsufa ne.
Sai ya sa farar jallabiyarsa,
ya dogara sanda, awa uku a rana,
ya ba da yatsa aka shafa tawada,
don ya ce a'a a inda ake rubutawa.
In an miƙo maka ƙwarya huɗu
duk da ƙuda a ciki,
ce musu ka ƙoshi ba rashin kunya ba ne,
kuma ba rashin yunwa ba.

Asuba muka tashi jimla.
Makulli ɗari biyu da uku, ya yi gaba.
Tulin gefe, na ƙirga sau biyu:
ɗari biyu da arba'in da ɗaya.
Takardar sakamako layi huɗu gare ta,
sai wani ɗan gurbi a ƙasa, na lalatattu.
Nan na cusa ubana
da Inna Kaltume da mai riɗi.
Wanda ya buga takardar
bai bar wa "babu ko ɗaya" ɗaki ba.

Na tarar da shi a tabarma, yana jan carbi,
yatsan nan baƙi ƙirin.
"Wa ya ci?"
Na ce Makulli.
Ya ja ƙwaya biyu, ya ɗago.
"To wa ya zo na ɗaya?"
A waje an fara harba bindigar murna.
Ban ce masa komai ba.