Gwangwanin Madara

A Yelwa ta Garwa, gab da mai faci,
nan nake gyaran injin ban-ruwa.
Hausa a nono na sha ta, Fillanci a kasuwa,
Faransanci kuwa aji uku na yi masa
kafin Baba ya ce ya isa haka.

Sai ga injuna daga Yola cikin kwali,
kowanne da 'yar takardarsa.
Rubutun na kallona, ina sunkuyar da kai,
kamar na yi kiciɓis da suruki a zaure.

Madam Bih, mutuniyar Bamenda,
ita ke suyar kifi a tsallaken kwata.
Muka ƙulla ciniki ba da kuɗi ba:
kullum ta ba ni kalma guda ta Ingilishi,
in ba ta guda ta Hausa.
Ba ni gishiri in ba ki manda.

Ina yagar takardar buhun siminti,
in rubuta da yatsu masu baƙin mai,
in naɗe kamar laya,
in jefa a gwangwanin madara da ke kan kanta.

Litinin ta ba ni sunan tsatsa.
Talata, sunan yoyo.
Laraba na roƙi sunan bashi,
ta ce, Malam Sallau, sunan kawai zan ba ka,
abin kansa ka fi ni saninsa.

Akwai wadda ta ƙi zama a bakina.
Wai sai an sa harshe tsakanin haƙora
a hura kamar mai shan koko da zafi.
Kwana huɗu ina fama,
Iliya da Bappa na ƙunshe dariya a bayan janareta.
Ranar da ta fito daidai
ni na biya musu shayi.

Wata safiya ta ba ni sunan burki.
Na ce, ai wannan tamu ce!
Taya ma tamu ce, da bokiti, da sukurudireba.
Ashe sun daɗe a gidanmu,
sun sa riga da hula, sun iya gaisuwa,
ba wanda ya ƙara tambayarsu asali.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Da zafin Afirilu, bayan isha'i,
na zazzage gwangwanin a kan tabarma.
Cikin ashirin, bakwai suka amsa sallama,
sauran suka yi kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.
Tabawa ta ce, tsofai-tsofai da kai?
Na ce, da yayyafi kogi kan cika.
Ta ce, je ka leƙa Binuwai yanzu,
yara ke ƙwallo a cikinsa.

Sai ranar da manomin Lagdo ya kawo sabon inji.
Na buɗe takardar, na bi ta da yatsa,
kalmomi shida suka jeru suka tsaya mini:
kada a tayar babu ruwa a ciki.
Shekara ashirin hannuna ya san haka.
Ran nan ido ma ya sani.
Na karanta masa sau biyu,
ko da yake bai tambaya ba.

Da damina ta faɗi, Bih ta ɗaure kaskonta.
Uwarta ba lafiya, za ta koma kudu.
Ta ce, ba ni ta ƙarshe:
me kuke kiran abin da ke cin mutum
idan ya daɗe bai ga garinsu ba?
Na ce, kewa.
Ta maimaita, kewa, ta ce ta yi gajarta.
Tasu biyu ce aka haɗa,
gida da ciwo.
Wannan ban jefa ta a gwangwani ba,
tana aljihun gaba, tare da katin shaida.

Yanzu daga wayar Iliya nake karɓar ta kullum.
Tana zuwa a kan lokaci,
sai dai ba ƙamshin kifi, ba mai yi mini tsiya.
Jiya na ƙirga: ɗari biyu da sha ɗaya.
Murfin ya fara ƙin rufuwa.
Na ce wa Tabawa idan madarar ta ƙare
kada ta ba yara gwangwanin.